Yadda ake samun gudummawa mai tsoka daga hannun manyan attajirai

Raguwar tallafin da ƙasashen waje ke bayarwa ta sa ƙungiyoyin agaji da makarantu da kwamitocin masallatai a arewacin Nijeriya sun ƙara zuba ido ga attajiran cikin gida. To sai dai samun kyauta mai tsoka daga hannun mai dukiya aiki ne da ke da ƙa'idojinsa, kuma akasarinsa ana gama shi ne tun kafin ranar da za a kafa rumfa a tara jama'a.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta dakatar da yawancin tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, kuma a farkon watan Yuli aka rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin ayyukan lafiya da ilimi a Nijeriya. A watan Fabrairun shekarar ita ma Birtaniya ta ba da sanarwar rage tallafinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na abin da ƙasar ke samu a shekara.

Wannan ya sa ƙungiyoyin da a da suke rubuta takardun neman tallafi zuwa Abuja ko Landan, yanzu suna cunkoso a ƙofofin mutane ƙalilan, tare da masu ginin masallaci da masu makarantun Islamiyya waɗanda tun asali a nan suke nema.

Taron ƙaddamar da asusu

Unguwar Tudun Wada a Zariya, wadda aka kafa a wajen ganuwar birni tun farkon mulkin mallaka domin baƙi 'yan arewa, wuri ne da ake iya ganin wannan buƙata a fili. A nan ne tsohon mazaunin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, kafin a mai da shi Shika a 2005, ga kuma harabar jami'ar ta Kongo a kusa. Unguwa ce ta malamai da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, kuma cike take da makarantun Islamiyya da masallatai da ƙungiyoyin taimakon kai da kai.

Hanyar da irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi sabawa da ita ita ce taron ƙaddamar da asusun neman taimako. A buga katin gayyata, a sa sunan uban taro da babban baƙo na musamman da babban mai ƙaddamarwa, a yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, sa'annan a jira ranar.

Abin da kan biyo baya sananne ne. Babban mai ƙaddamarwa ya aiko da wakili, wakilin ya ce maigida zai yi magana da kwamiti daga baya. Wasu su yi alƙawarin miliyoyi a bainar jama'a, a yi kabbara, amma a shafe watanni ana bin su. Wani lokaci abin da ya shiga hannu da ƙyar yake biyan kuɗin rumfa da abinci.

Ba a rasa lokutan da mutane ke bayarwa ba tare da an sha wahala ba. Lokacin da wani sashe na rufin Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina tun shekarun 1830, ya rufta kan masallata a ranar 11 ga Agustan 2023, labarin ya karaɗe duniya cikin sa'o'i. Haka kuma bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata shi kaɗai ya ba da naira biliyan 1 da rabi. Amma ajin da rufinsa ke yoyo, ko rijiyar burtsatsen da ta lalace, ba su da irin wannan amo. Su ne ke buƙatar gwanintar mai nema.

Abin da Zariya ta gani

Manyan kyaututtukan da Jami'ar Ahmadu Bello ta samu a 'yan shekarun nan suna nuna yadda bayarwa ta sauya. A 2019 Gidauniyar Aliko Ɗangote ta miƙa wa jami'ar ɗakunan kwanan ɗalibai, gine-gine 10 masu ɗaukar ɗalibai 2,160, waɗanda aka ce sun ci naira biliyan 1 da miliyan 200. A 2021 kuma gidauniyar ASR Africa ta Alhaji Abdul Samad Rabi'u, shugaban kamfanin BUA, ta ba jami'ar tallafin naira biliyan 1.

Akwai abubuwan lura a nan. Na farko, duka mutanen biyu Kanawa ne, wato ba lallai sai ɗan gari ne zai yi wa gari babban aiki ba. Na biyu, kyaututtukan sun fito ne ta hannun gidauniyoyi masu ofis da ma'aikata da tsarin aiki, waɗanda ke duba takardu kafin su saki kuɗi. Gidauniyar T.Y. Ɗanjuma, wadda aka kafa da dala miliyan 100, ita ma haka take aiki. Na uku, an ba da su ne domin ayyuka takamaimai da za a iya zuwa a gani da ido.

Ita kanta jami'ar ta koyi wannan aiki ne a hankali. Daga 2000 zuwa 2010 wasu manyan gidauniyoyin Amurka, da suka haɗa da Carnegie da MacArthur da Ford da Rockefeller, sun kashe kimanin dala miliyan 440 a jami'o'in ƙasashen Afirka 9, kuma ta Zariya na cikin waɗanda suka amfana. Daga cikin abubuwan da aka ƙarfafa wa jami'o'in gwiwa a kai har da kafa ofisoshin hulɗa da tsofaffin ɗalibai da neman gudummawa.

Sanin wanda za a tunkara

Gwaninta ta farko ita ce bincike. Masu wannan sana'a kan auna mutum da ma'auni uku kafin su je wurinsa: yana da halin bayarwa, yana da sha'awar irin wannan aiki, kuma akwai wata alaƙa tsakaninsa da masu nema.

Yawancin kwamitoci ma'auni na farko kawai suke dubawa, shi ya sa kowa ke rubuta wa mutane biyar ɗin da kowa ya sani. Alhali sha'awar masu bayarwa ta bambanta. Gidauniyar Ɗangote ta fi ba da ƙarfi ga lafiya da abinci mai gina jiki da ilimi. Wani attajirin masallaci kawai yake ginawa, wani marayu ne suka fi taɓa zuciyarsa. Wanda ya kai takardar ginin ɗakin karatu wurin mai sha'awar haƙa rijiya ya ɓata lokacinsa da na mutumin.

Ita kuwa alaƙa sau da yawa tana nan kusa, ba a lura da ita ba ne. Kwalejin Barewa, wadda ta koma Zariya a 1949, ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta na daga cikin mafi daɗewa a arewa. Makarantar Islamiyyar da ta shekara 40 a Tudun Wada ita ma ta yaye likitoci da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Abin da ke raba su shi ne ko akwai wanda ya riƙe rajistar sunayensu, ya san inda suke.

Akwai kuma lissafi. Sanannen abu ne a wannan fage cewa mafi yawan kuɗin kowane asusu daga hannun mutane kaɗan yake fitowa. A ɗauki misalin makarantar da ke neman naira miliyan 100. Mai tsara aikin zai ƙaddara samun mutum 1 da zai ba da miliyan 20, mutum 2 masu miliyan 10 kowanne, mutum 4 masu miliyan 5, da mutum 10 masu miliyan 2. Wato miliyan 80 daga mutum 17, ragowar miliyan 20 kuma daga ɗaruruwan jama'a. Tun da ba kowa zai amsa ba, ana buƙatar sunaye uku ko huɗu a madadin kowace kyauta. Kwamitin da ya kasa kawo sunaye 50 zuwa 70 na mutanen da zai iya isa gare su, ya kamata ya rage burinsa ko ya raba aikin kashi-kashi.

Haƙuri da sauraro

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar kyauta kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin ta nuna.

Michael Bloomberg, tsohon magajin garin New York, ya fara bai wa jami'ar da ya yi, Johns Hopkins, kyautar dala 5 ne a 1965, shekara guda bayan ya kammala. A 2018 ya ba ta dala biliyan 1 da miliyan 800 domin tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi. Darasin shi ne wanda ya ba da kaɗan yau bai kamata a raina shi ba, domin daga cikin masu ƙananan kyaututtuka ne manyan masu bayarwa na gobe ke fitowa.

A tsakanin saduwar farko da ranar da za a nemi kuɗi, aikin mai nema shi ne ziyara da gaisuwa da sanar da mutum halin da ake ciki, ba tare da miƙa hannu ba. A gayyace shi saukar karatu, a kai shi ya ga ajin da yara ke zaune a ƙasa, a nemi shawararsa a kan zanen ginin. Mutumin da aka ɗauki shawararsa yakan ɗauki aikin tamkar nasa.

A nan sauraro ya fi iya magana muhimmanci. Da yawa daga masu nema kan shiga falo su yi ta zuba bayani, su fita ba su san abin da ke ran maigidan ba. Mai sauraro shi ne zai ji cewa mahaifiyar mutumin ta rasu da ciwon ƙoda, ko kuma ya taɓa ba wata ƙungiya kuɗi aka cinye, don haka yanzu siminti da rodi yake bayarwa ba tsabar kuɗi ba.

Wane ne zai buɗe baki

A ƙasar Hausa wanda ya kawo magana yakan kai maganar kanta nauyi. Attajiri na iya ajiye takardar sakataren ƙungiya, amma da wuya ya yi watsi da malaminsa, ko abokin kasuwancinsa, ko hakimin garinsu. Saboda haka gwanin nema ba lallai shi ne zai furta buƙatar ba. Aikinsa shi ne ya gano wanda ake jin nauyinsa, ya shirya shi da bayanai, ya raka shi.

Ya fi kyau kuma mai maganar ya kasance ya riga ya ba da nasa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma tambayar da masu dukiya suka saba yi ita ce nawa 'yan kwamitin suka tara a tsakaninsu.

Akwai wani shinge na al'ada da ke hana mutane da dama yin wannan aiki da kyau, wato tsoron a ɗauke su maroƙa. Masanin zamantakewar al'umma M.G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya yi rubutu a kan sana'ar roƙo, inda ake wasa mutum da kirari a bainar jama'a har ya ji kunyar hanawa. Taron ƙaddamar da asusu ya ari abubuwa da yawa daga wannan tsari, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa a yi alƙawarin da ba a yi niyyar cikawa ba.

Neman babbar gudummawa ana yin sa ne a keɓe, mutum biyu ko uku, a lokacin da maigidan ya zaɓa. A faɗi aikin, a faɗi abin da zai ci, a ambaci adadin da ake fata daga gare shi. Kunya kan sa a ce "duk abin da Allah Ya hore", kuma wanda ya faɗi haka yakan fita da naira dubu 200 daga hannun mai iya ba da miliyan 10. Bayan an faɗi adadin sai a yi shiru, a bar shi ya yi tunani.

Idan ya ce ba yanzu ba, a tambayi lokacin da ya dace a dawo. Idan adadin ya yi yawa, a ba shi damar biya kashi-kashi, ko ya ɗauki aji biyu maimakon bene guda. Idan kuma ya ƙi, a yi godiya a ci gaba da zumunci.

Manyan jami'o'i da asibitocin ƙasashen Yamma ba su cika shelanta asusu ba sai sun riga sun tara kaso mai yawa na kuɗin a asirce. Idan aka bi wannan tsari, taron ƙaddamarwa ya zama ranar sanar da abin da aka riga aka samu, da jawo sauran jama'a su cike gurbin da ya rage.

Zakka, sadaka da wakafi

Mai nema a tsakanin Musulmi yana buƙatar sanin hukuncin abin da yake karɓa. Zakka tana da rukunoni takwas na waɗanda ake ba, kamar yadda ya zo a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, ba su yarda a gina masallaci ko makaranta da ita ba, ko da yake wasu malaman zamani sun faɗaɗa fahimtarsu a kai. Ƙungiyar da ke karɓar zakka tana buƙatar ajiye ta daban, ta kuma iya nuna waɗanda ta ba.

Gini da rijiya da kayan asibiti sun fi dacewa da sadaka mai gudana, ko wakafi, wanda ake kira hubusi. Asalinsa tsoho ne, tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina, da gonar Sayyidina Umar ta Khaibar. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da wakafi.

Amfanin wakafi ga ƙungiya shi ne yana magance matsalar da gini kaɗai ba ya magancewa. Masu bayarwa sun fi son gini, amma albashin malamai da kuɗin wuta da gyara su ne ke durƙusar da makarantu. Gwanin nema zai roƙi a haɗa ginin da shaguna ko gidan haya da za su riƙa ciyar da shi.

Ya kamata kuma a tambayi mai bayarwa ko yana so a ambaci sunansa. Wani yana so a rubuta sunan mahaifinsa a jikin ginin domin a riƙa yi masa addu'a, wani kuwa yana gudun riya, kuma idan aka shelanta sunansa a lasifika ba zai sake bayarwa ba.

Takardu da riƙon amana

Babu gidauniyar da za ta tura miliyoyi cikin asusun ajiyar shugaban kwamiti. Ana buƙatar rajista da hukumar CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da asusun banki da sunan ƙungiyar wanda mutum fiye da ɗaya ke sa wa hannu, da rahoton odita na shekara-shekara. Sau da yawa akan nemi takardar sashen SCUML na hukumar EFCC.

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Wato jakar kuɗin da ake miƙawa a wurin taro na iya jefa mai bayarwa da mai karɓa cikin matsala.

Wani batun shi ne na kaso. Ba baƙon abu ba ne wanda ya yi hanya ya nemi a yanka masa wani abu daga kuɗin da aka samu. Ƙungiyar ƙwararrun masu neman gudummawa ta AFP, mai hedkwata a Amurka, ta hana membobinta karɓar lada bisa kaso, saboda yana sa mai nema ya fifita aljihunsa a kan amanar da aka ba shi. Abin da ya fi tsafta shi ne a yanka wa mai aikin albashi sananne, a rubuta shi a cikin kasafin da mai bayarwa zai gani.

Sanin lokacin da za a ƙi karɓa ma gwaninta ce. Kuɗin ɗan takara a jajibirin zaɓe, ko na mutumin da ake tuhuma a kan dukiyar jama'a, na iya gina aji, amma ya kori sauran masu bayarwa, ya kuma raba kan jama'ar unguwa.

Bayan kuɗi ya shiga hannu

Inda ƙungiyoyi suka fi yin sakaci shi ne bayan an karɓa. Yaba kyauta tukwici, amma godiyar baki kaɗai ba ta isa ba. Mai bayarwa na buƙatar rasit cikin 'yan kwanaki, da hotunan aiki yayin da yake tafiya, da bayanin abin da aka kashe. Idan farashin siminti ya tashi aikin ya tsaya, gara ya ji daga bakin kwamiti kafin ya ji a gari. Idan kuma ana so a karkatar da kuɗin rijiya zuwa katanga, sai an nemi izininsa tukuna.

Yarjejeniyar da Gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates suka ƙulla da gwamnatin Kano a kan rigakafin yara, wadda daga baya aka faɗaɗa zuwa jihohi irin su Bauchi da Kaduna da Sakkwato, an gina ta ne a kan haka: kowane ɓangare ya san abin da zai zuba, ana zama a duba abin da aka cim ma, kuma jiha na ƙara ɗaukar nauyin a hankali. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga Nijeriya da nahiyar Afirka.

Attajiran arewa sun san juna, suna haɗuwa a wurin ɗaurin aure da ta'aziyya da Umrah, kuma suna ba juna labarin inda kuɗinsu ya yi amfani da inda ya salwanta. Kwamitin da ya kammala aji biyu ya kawo lissafinsu daidai, ya riga ya yi rabin aikin neman kuɗin bene. Wanda kuwa ya bar gini a tsaye ba rufi, ciyawa ta cinye harsashinsa, zai tarar labari ya riga shi isa duk ƙofar da ya nufa.